Kukan Mugisu da Haƙƙin Barira

Waƙoƙin nanaye da ke yawo a wayoyin yaranmu kusan duk ciwo ɗaya suke bayyanawa. Mawaƙi ya kasa barci, abinci ya fita ransa, numfashinsa na hannun wata, ranar da ta juya masa baya a fara haƙa kabari. Muryar mace ta amsa da irin nasa, ta ce ita ma in babu shi duniya ta tashi. A sauya kiɗa, a sauya situdiyo, maganar tana nan. Ni ma ina saurare, kuma akwai waɗanda nake jin daɗinsu ƙwarai. Muryar Umar M. Shareef tana da taushin da ba kowa Allah ya ba, Nura M. Inuwa ya iya zaɓen kalma, kuma kowa ya ga yadda "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta shiga gidaje a 2020, lokacin kullen korona, har matan aure suna taka rawarta a gaban mazajensu. Hukuncin kiɗa a shari'a tsohuwar muhawara ce ta malamai, ba ita ta zaunar da ni ba. Abin da ya dame ni shi ne abin da waƙoƙin ke cewa shi ne so, da kuma wanda ke kwana a ciki idan yaro ya ɗauki maganar da gaske.

Ɗan yayana, yaron da na goya a bayana, ya kamu yana shekarar ƙarshe a kwaleji. Yarinyar 'yar unguwarsu ce, sun daɗe suna zance, gida biyu duk an sani. Rana ɗaya ta ce ta janye. Bai yi mata laifin da za a nuna ba, zuciyarta ce ta sauka. Da na je gidan na same shi kwance a ɗakin soro, labule a sake da rana tsaka, waya a kan ƙirji, iyafis a kunne, waƙa ɗaya tana ƙarewa tana sake farawa. Jim kaɗan sai ya ɗaga wayar ya buɗe WhatsApp ya duba ko ta hau, ko alamar nan biyu ta koma shuɗiya, ya mayar kan ƙirji. Kwanon tuwo na gefe a rufe, man miyar ya daskare. Kakarsa, mahaifiyata, ta ce sammu ne. Aka karɓo rubutu, aka turara hayaƙi. Ya shanye rubutun da ladabi, ya goge baki, ya mayar da iyafis.

Ya ce da ni, "Gwaggo, wallahi ba da gangan nake yi ba. In ban ji daga gare ta ba jikina rawa yake yi." Na yarda da shi, don ina kallon hannun.

Masana ƙwaƙwalwa ma za su yarda da shi. A 2010 Helen Fisher da Lucy Brown da abokan aikinsu a Amurka sun fitar da sakamakon wani bincike a kan mutum 15 waɗanda masoyansu suka rabu da su amma har lokacin suna cikin so. Aka sa su a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka nuna wa kowa hoton wanda ya guje shi. Daga cikin sassan da suka motsa har da waɗanda ke motsawa a kan mai ƙishirwar hodar iblis. A 2011 kuma wasu masana a Jami'ar McGill da ke Kanada suka nuna cewa ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin dofamin idan mutum na jin kiɗan da ke ratsa shi, har ma tun kafin a iso gaɓar da yake jira. Yaronmu ya haɗa biyun a kunne ɗaya. Ƙari a kan haka, yarinyar mai tausayi ce, cikin saƙonni da yawa takan amsa ɗaya da "Allah ya ba ka haƙuri." Wannan ɗayan ne ke hana shi saki, domin ladan da ba a san ranar zuwansa ba ya fi ɗaure rai, kuma da wannan ɗabi'ar masu gidan caca ke cin abinci.

Mu a Arewa ba baƙin jaraba ba ne. Mun ga abin da kodin ya yi wa 'ya'yanmu maza da mata, har rahoton BBC na 2018 ya sa gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Babu uwar da za ta ji ɗanta ya ce ba zai iya wuni ba sai da kwalba, ta yi guɗa. Amma a cire kwalba a sa sunan yarinya, a ɗora a kan fiyano, sai mu saka a wurin kamu, mu yi liƙi.

Ba haka kakanninmu ke magana ba, ko da yake sun so juna kamar kowa. Matar da ko sunan mijinta ba ta faɗa ba za ta tsaya a dandali ta ce shi ne numfashinta ba. Su ne ma suka bar mana cewa son maso wani ƙoshin wahala, wato sun san ciwon, sun kuma san a wane layi za su ajiye shi. Sabon harshen ya shigo ne ta siliman Indiya, daga muryoyin su Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi da iyayenmu suka haddace ba tare da jin yaren ba, ya bi ta littattafan soyayya, ya zarce finafinan Hausa. Kuma ya kamata a yi masa adalci, domin da farko makamin raunana ne. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda muka karanta a ɓoye a ƙarƙashin tebur wajajen 1990, Sumayya ta faɗa rijiya ne saboda za a aura mata wanda ba ta so. A wancan lokacin, yarinya ta ce za ta mutu in an raba ta da wane, tana neman a bar ta ta zaɓa ne, a gidan da ba a tambayar ra'ayinta. Yau kalmar ta sauya hannu. Saurayi ne ke faɗa wa budurwa, don ya hana ta zaɓin da Sumayya ta nema. Wanda ya kalli Tere Naam na Salman Khan, na 2003, ya ga samfurin: jarumi ya sace yarinya ya tsare ta don ta saurari soyayyarsa, fim ɗin kuma ya saka masa da zuciyarta.

Da yawanmu in yaro ya shiga wannan hali abu biyu muke yi, ko dariya ko wa'azin tsoratarwa, kuma muna zaton addini ne ya ce a yi haka. Magabata ba su raina ciwon so ba. Ibn Hazm na Andalus, wanda aka haifa a Kurɗuba a 994 ya rasu a 1064, malamin fiƙihu ne mai kaifin harshe, shi ya rubuta Almuhalla. Shi ne kuma ya rubuta Ɗauƙul Hamama, littafi sukutum a kan so da alamominsa, inda ya nuna cewa addini bai ƙi so ba, shari'a ba ta hana shi ba, tunda zukata a hannun Allah suke. A ciki ya ba da labarin wata da ya so mai suna Nu'um, wadda ta rasu yana ƙasa da shekara ashirin, ya yi wata bakwai bai tuɓe tufafin jikinsa ba. Kafin shi, Amru ɗan Asi ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wa ya fi so a cikin mutane, ya ambaci A'isha ba tare da wani ɓoye-ɓoye ba.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Mugisu da Barira, wanda Bukhari ya kawo daga Ibn Abbas a babin saki. Barira baiwa ce, Nana A'isha ta saye ta ta 'yanta ta. Mijinta Mugisu bawa ne, don haka shari'a ta ba ta zaɓi, ta zauna da shi ko ta rabu. Ta zaɓi rabuwa. Mugisu ya riƙa bin ta a lungunan Madina yana kuka, hawaye na jiƙa masa gemu. Annabi ya gani, ya nuna wa baffansa Abbas, yana mamakin yawan son da Mugisu ke yi mata da yawan ƙin da take yi masa. Bai kira shi rago ba, bai ce imaninsa ya yi rauni ba. Tausayi ya sa ya je da kansa ya roƙi Barira ko za ta koma. Ta tambaye shi ko umarni ne. Ya ce mata a'a, ceto kawai yake yi. Ta ce ba ta da buƙatar Mugisu. Magana ta ƙare a nan.

Ina so a dubi girman wannan. Mace ce da jiya-jiya take baiwa, ba dangi masu ƙarfi, ba dukiya. Mai roƙon kuwa shi ne mafi girman halitta, shugaban gari, wanda sahabbai ke rige-rigen ruwan alwalarsa. Ga namiji na kuka a bainar jama'a, kowa na tausaya masa. Duk abin da zai sa mace ta sunkuyar da kai ta ce "to" ya haɗu a wurin. Ta ce a'a, kuma ba a rubuta mata zunubi ba, ba a ce ta yi rashin kunya ba, ba a ce alhakin Mugisu zai kama ta ba. Hawayensa gaskiya ne, an tausaya masa, an yi masa ƙoƙari. Amma hawayen ba su zama bashi a wuyanta ba.

Wannan ne babu a waƙoƙinmu. Mugisu ya cika su maƙil, muryar Barira ce ba a ji. Wadda ta ce a'a a waƙar nanaye sunanta mayaudariya, ko maciya amana, ko wadda kuɗi ya ruɗa. Ban cika jin an bar ta ta zama mutum kawai wadda zuciyarta ba ta karkata ba.

Wata ranar Asabar da hantsi mahaifiyar yarinyar ta yi sallama a gidana. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna a bakin tabarma, ta ƙi taɓa ruwan da na kawo. Ta ciro wayar 'yarta daga cikin hijabi ta miƙo mini. "Hajiya, don girman Allah ki duba. Ni ban iya karatun boko sosai ba, amma yarinyar nan ta daina barci." Na duba. Waƙoƙi ne jere, waɗanda ya turo da ƙarfe biyu da ukun dare, kowace da guntun saƙo a ƙarƙashi. Na ƙarshe hoton kwalbar fiya-fiya ne a kan tagar ɗakin soron da na sani, ya rubuta cewa in ya mutu ta san wanda ya kashe shi. Uwar ta ce yarinyar ta daina zuwa Islamiyyar dare don kada su haɗu a hanya, kuma ta fara cewa ko ta haƙura ta aure shi ne, kada ta ɗauki alhakin rai. Ta ce, "Hajiya, 'yata shekararta sha tara."

A ranar muka kwashe duk wani abin sha mai cutarwa daga gidan, ƙaninsa ya koma kwana a ɗakinsa, washegari babansa ya kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Irin wannan magana ba a ɗaukarta wasa, ko da an yi zaton barazana ce. Amma na kwana ina tunanin yarinyar. Yaron da na goya, mai sallah a kan lokaci, wanda ko kaza ba ya iya yankawa, ya zama azzalumi ba tare da ya sani ba. A ransa shi ne abin tausayi, kuma duk waƙar da ya kunna ta tabbatar masa da haka.

A nan ne nake ganin maganar ta wuce tarbiyya ta shiga tauhidi. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya yi maganar mutanen da ke riƙon wasu kishiyoyi ga Allah, suna son su irin son da ya dace da Allah. A Suratul Jasiya ya yi maganar wanda ya mayar da son zuciyarsa abin bautarsa. Ba ina cewa mawaƙi ko saurayi ya yi shirka ba, wannan hukunci ya fi ƙarfina, kuma mai waƙa yana da filin kambamawa tun zamanin Larabawan farko. Abin da nake cewa shi ne, siffofin da waƙoƙin ke jingina wa masoyi, cewa shi ke raya ka, shi ke kashe ka, in ya bar ka ba ka da kowa, da shi kake kwana da shi kake tashi, siffofi ne na wanda ba ya barci, ba ya gajiya, ba ya sauya ra'ayi. 'Yar shekara sha tara tana barci, tana gajiya, tana da jarrabawa a gabanta, wata rana tana tashi da ciwon kai ba ta son magana da kowa. Ɗora mata wannan matsayi kamar ɗora wa kurar ruwa kayan tirela ne. Mun saba cewa irin wannan so tauye haƙƙin Allah ne. Ni na ga inda ya tauye haƙƙin baiwar Allah, don wanda ya mayar da ke rayuwarsa ba zai taɓa yarda ki tafi ba.

Mawaƙan bege sun san inda ake kai wannan kaya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana ɗan shekara ashirin ya tsara ƙasidarsa ta Daliyya, cike da ƙishirwar isa Madina. Aliyu Namangi, makahon Zariya, ya zuba irin wannan shauƙi a Imfiraji. Burda ta Busiri da ake rerawa a mauludi da hawayen masoyi ta buɗe. A Kano har an yi 'yan bandiri da ake kira Ushaƙu Indiya, masu ɗaukar karin waƙar fim ɗin Indiya su zuba yabon Annabi a kai. Zafin ɗaya ne, rashin barcin ɗaya ne. Bambancin shi ne mai begen Annabi ba ya tsare kowa a lungu, ba ya tura wa kowa hoton guba. Begensa na sa shi ya ƙara salati, ya yi tanadin kuɗin Hajji, ya gyara hali don ya yi kama da wanda yake so.

Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya ware babi a Zadul Ma'ad a kan maganin wannan ciwo. Ya ce in akwai hanyar aure, shi ne magani. In babu, sai a shayar da zuciya yanke ƙauna, domin rai in ya tabbatar abu ya fi ƙarfinsa yakan huta. A nan ne kuma ya yi watsi da maganar da ake yaɗawa a matsayin hadisi, wai wanda so ya kashe bayan ya kame kansa ya ɓoye ya yi shahada. Ya ce ba ta inganta daga Annabi ba. Na so mawaƙanmu su san wannan, don gawar masoyi ta yi yawa a baitocinsu, kuma kullum da rawani ake binne ta. Inda nake ɗan tsayawa da Malam shi ne cewar da ya yi ciwon na kama zuciyar da ta wofinta daga son Allah ne. Sau da yawa haka ne. Amma Mugisu sahabi ne, kuma Annabi Yaƙubu ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari. Mai imani ma yana kamuwa. Abin da imani ke yi masa shi ne ya nuna masa inda zai kai kukan, kamar yadda Yaƙubu ya kai nasa ga Allah, ya kuma tsare masa hannu daga cutar da wani.

Yanke ƙaunar nan kuwa ita ce waƙar ke hanawa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, bai haramta sauraro gaba ɗaya ba a Ihya'u. Ra'ayinsa shi ne sauti ba ya zuba wa zuciya abin da babu a cikinta, yana motsa abin da ya tarar ne. Don haka ya halatta wa miji ya ji waƙar da ke tuna masa matarsa, ya hana wanda zuciyarsa ke rataye da wadda ba ta halatta gare shi ba. Wannan ma'auni ya fi mini ma'ana a kan a ce duk waƙa ɗaya ce. Waƙar da amarya ta taka wa angonta a falo, ita ce yaronmu ke sha a ɗakin soro, kuma aikin da take yi a wuraren biyu ba ɗaya ba ne. A zamanin Gazali sai an je majalisi an nemo mai rerawa, a ji sau ɗaya a watse. Yanzu mawaƙin na cikin aljihu, ba ya gajiya, kuma duk lokacin da miki ya fara kamewa sai a danna a sake ɓare shi.

Babansa ya so ya fasa wayar. Na roƙe shi ya bari, don yaron da aka ƙwace wa waya zai ari ta aboki. Na zauna da shi na ba shi labarin Mugisu, ya saurara yana gyaɗa kai, don ya ga kansa a ciki. Da na zo kan amsar Barira sai ya yi shiru. Na ce, "Ɗana, Manzon Allah da kansa ya roƙa aka ce a'a, ya haƙura. Kai wane ne da za ka tilasta da kwalba?" Ya yi kuka sosai. Ban nemi ya daina jin waƙa ba, na nemi ya goge waccan guda ɗayar da lambar yarinyar, a gabana, da hannunsa. Sauƙin bai zo a rana ɗaya ba. An haɗa da maganin likita, da tafiya Kaduna wurin kawunsa mai shagon kayan gini, inda aiki ke sa mutum barci tun kafin ya nemi waƙa.

A makarantunmu na Islamiyya ana karanta hadisin Barira don a fitar da hukuncin baiwar da aka 'yanta da na wala'i, a wuce. Bayi sun ƙare, amma samari masu kuka da 'yan matan da ake tsarewa da kuka suna nan a kowace unguwa, kuma ya kamata su ji wannan labari tun suna aji uku na sakandare, kafin Tere Naam da nanaye su riga malam.

Bayan yaron ya tafi Kaduna na shirya na je gidan su yarinyar, da goro da turare, a madadin gidanmu. Na ba uwar haƙuri. Na roƙa a kira mini yarinyar, ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa tana wasa da gefen mayafi. Na ce mata, "'Yata, ba ki ci amanar kowa ba, ba kya ɗauke da alhakin kowa. Ki toshe lambarsa, kada ki ƙara amsawa ko don tausayi, wannan shi ne taimakon da za ki yi masa. Kuma gobe ki koma Islamiyya."